Yashin Kubanni

Tun kafin ladanin Tudun Jukun ya gyara murya
na riga na sa ƙafa cikin Kubanni,
shebur a kafaɗa, sanyi har ɓargo.
Ruwan ya san ni, ni ma na san shi.
Ba ma gaisawa.

Nan inda tifa ke juya baya yanzu
lambun babana ne.
Fangali goma sha biyu na albasa da yakuwa,
jigo guda mai kuka kamar tsohuwar ƙofa,
da ɗinyar da muke jifa in rana ta take.
Kogi ya haɗiye bakwai cikin damina uku.
Sauran biyar, ni na haƙe ƙarƙashinsu da hannuna,
na loda, aka kai Samaru, aka ta da bene.
In na bi ta wajen nakan ɗaga kai in ce:
ga gonarmu can a hawa na biyu,
an shafa mata fenti.

Ran Talata wata yarinya ta zo daga jami'a,
Asabe, da littafi da takalmin roba.
Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, Baba,
kun san gaɓar nan tana ja da baya taku huɗu duk shekara?
Na ce, biyar ne, 'yata. Ni nake aunawa.
Ta ce, in ba a bari ba,
jikokinka ba za su tarar da kogi ba, sai kwazazzabo.
Na ce, Lantana ta ɗora tukunya tun hantsi,
ruwa zalla ke tafasa a ciki.
Jikokin da kike faɗa, ta bakin tukunyar nan za su ratsa
kafin su iso duniya.

Ba ta yi musu ba, shi ya fi ciwo.
Da wa'azi ta yi mini, da na sami abin zagi.
Sai ta rufe littafin,
ta ciro dashe uku cikin baƙar leda,
ɗorawa biyu, ɗinya ɗaya,
ta ajiye kusa da silifas ɗina, ta tafi.

Kwana huɗu suna bayan ƙyaure.
Akuya ta ci ɗaya.
Lantana ta ce, ko ka dasa ko ka ba maƙwabta,
ba na son abu mai rai yana kallona da ƙishi,
masu yin hakan sun ishe ni a gidan nan.
Na yi shiru. Mai tifa ya ba ni kuɗin wata tun ran ɗaya ga wata,
na ci ladan kuturu, askin ya rage.

Jiya da yamma Tanimu ya ɗauki shebur a tsakar gida,
kotar ta fi shi tsawo.
Ya ce, Baba, in na girma, ni a ina zan haƙa?
Na duba wajen gada, na duba wajen Kufena,
na rasa inda na bar masa.

Da asuba na dasa biyun a bakin gaɓa,
na kewaye su da ƙaya,
na ba su ruwa da bokitin da nake kwasar yashi.
Sannan na shiga kogin, don ba a cin ɗorawa ranar dashe.
Amma tsakiya na nufa, inda yashin ke da nauyi da jiƙa,
na ƙyale gindin gaɓar ya huta.
Rabin lodi na yi. Direba na ta danna oda,
yana kiran sunana kamar bashi.

Ban san wa zai riga wani ba,
saiwar ɗinya ko bakin kogi.
Na dai auna kafin in tafi gida:
taku goma sha ɗaya ne tsakaninsu.