Kaskon Bakin Zaure

Shekarar da ruwa ya ci mana rumbu biyu
Jatau ya dawo daga fadama jiƙe sharkaf,
ba ko tarwaɗa ɗaya a gorarsa,
sai wani abu na motsi cikin hularsa.
Na ce, me ka kamo?
Ya ce, kwikwiyo ne, a kaba na gan shi maƙale,
uwar ta bi ruwa.
Na ce, to, ba a ɗakina ba.
Ya ce, Tsahare, ai zaure ma gida ne.

Akwai wata tukunya da ta tsage a gindi,
na ɓalle gefenta na aje bakin zaure,
ina zuba farau-farau ina kau da kai.
Muka sa masa suna Bar-su-su-faɗa
don maƙwabta sun fara tun bai iya haushi ba.

Sau nawa na wanke ƙwarya har bakwai saboda harshensa?
Ban ƙirga ba, hannuna ya san adadin.
Amma ranar da Hurera na rarrafe
ta nufi gindin rumbu,
shi ya riga ni ganin kububuwa.
Kwana uku kansa kumbure kamar duma.
Ni ɗin nan da na ce ba a ɗakina ba,
ni na jiƙa sassaƙe na ɗura masa da ludayi,
na jefa ludayin bayan danga,
na tsaya can har idona ya bushe.

Damina goma sha ɗaya ya yi da mu.
Muka haƙa masa a gindin kanya, ba mu gaya wa kowa ba.

Na kifa kaskon. Bai shekara a kife ba.
Tanimu ya taso daga cin kasuwar Gujungu
da karya ɗaure a bayan keke,
mota ta take ta a hanyar Jahun, ƙafa uku suka rage.
Wa-ya-sani, haka ya kira ta.
Da ƙafa ukun nan ta kori ɓarawon awaki har rafi,
da su ta raka Hurera ranar kai amarya,
ta dawo da asuba ita kaɗai, duk ƙarangiya a jikinta,
ta kwanta ƙofar ɗakin da ba kowa.

Na ƙarshe tsoho muka same shi.
Maharba suka wuce suka bar shi a kan tudu,
haƙora sun zube, ido ɗaya ya yi fari.
An ce karen bana ke maganin zomon bana,
ba wanda ya faɗi inda karen bara zai kwana.
Jatau ya ce, ga ni ga shi, duk farauta ta ƙare mana.
Suna shan hantsi tare, tsakaninsu taku biyu,
ba mai taɓa wani, ba mai tashi ya bar wani.

Ranar da aka fita da Jatau
ya bi bayan makara daga nesa, kamar ya san ƙa'ida.
A bakin kuka ya tsaya.
Mutane suka watse, shi sai magariba.

Yanzu idan na shafa bakin kaskon nan
santsi gare shi kamar an goge da dutse.
Ba dutse ba ne, harsuna uku ne da shekara talatin.

Jiya jikata Lantana ta shigo tana sanɗa,
gyalenta a dunƙule, yana motsi.
Na ce, ba a ɗakina ba.
Ta yi dariya, dariyar kakanta sak,
ta riga ta ɗauraye kaskon.