Gashin Bakin Mugu

Mista Kwarteng ya ce, "Zana mini mugu,
irin wanda yara za su gane tun daga bakin ƙofa."
Ofishinsa yana Osu, sanyi kamar cikin randa.
Ni daga Nima na taso, trotro biyu,
gumi ya zana taswira a bayan rigata.

"Ka san irinsu," in ji shi.
"Siririn gashin baki mai lanƙwasa,
hanci a sama kamar yana jin warin kwata,
hula a karkace, magana daga maƙogwaro
kamar mai kurkurar ruwan gishiri.
Bafaranshe dai. Kowa zai yi dariya."

Na ce to.
Mai kuɗin haya a wuya ba ya musu.

Da dare aka ɗauke wuta, na kunna fitilar waya.
Layi ɗaya, gashin baki.
Layi na biyu, girar raini.
Ban kai haɓa ba sai ya ɗago ido daga takarda:
"Mai fensir, har da kai?
Wannan hancin da ka ba ni ba na wata ƙasa ba ne,
na kuɗi ne.
Kun rasa bakin faɗa wa mai shi,
sai ku rataya mini tuta, ku yi ta jifa."

Ta bayan bango ina jin Hamani yana lissafi.
Ɗan Doso ne, albasa yake sayarwa,
kuma in kuɗi ya rikice masa
da Faransanci yake ƙirgawa,
harshen da aka cusa masa da rula a bayan hannu.
Bai taɓa ganin Faris ba, ko a kalanda.
Amma tun da yaran lungu suka fara kallon katun
a talabijin ɗin Anti Memuna,
in ya wuce sai su toshe hanci:
"Misye! Misye!"
Shi kuma ya miƙa musu alewa.

Kwana uku, waya ta yi ƙara.
"Tahiru, an samu matsala.
Wataƙila masu saye daga can suke, kada mu ɓata musu rai.
Goge gashin bakin.
Sa masa doguwar riga, tsage a kunci,
jan goro a haƙori, Turanci a karye.
Ɗan zango. Ka gane ai."
Shiru ya yi tsawo, har ina jin injin sanyinsa.
"Ba kai nake nufi ba fa."

Kakana yana da tsage uku uku.
Shekara talatin yana gadin wani gida a Cantonments,
ko cokali bai ɓata ba.

Na goge. Na hure ƙurar roba daga takarda.
Na zana mutum mai santsin murya,
ba ƙabila a harshensa, ba tabo a fuska,
agogo mai nauyi yana jan hannunsa ƙasa,
tarin makullai a ƙugu.
Yana karɓar hayar shekara biyu a dunƙule
kan ɗakin da rufinsa ke yoyo,
yana murmushi,
yana cewa ba kai yake nufi ba.

Mista Kwarteng ya daɗe yana kallo.
Ya ce, "Kamar na san shi."
Ya ja hannun riga ya rufe agogo.
Ya ce zai kira ni. Yau wata biyu.

Takardar tana nan, manne da ƙusa a saman gadona.
Jiya Rahinatu, 'yar ƙanwata, ta hau kujera
da ledar wake da shinkafa a hannu,
ta duba sama, ta duba ƙasa, har ta leƙa bayan takardar.

"Kawu, ina mugun?
Wannan ai mutum ne."