Kiɗan Gareji a Garwa

Tanimu ya aiko daga Landan,
wai sunansa kiɗan gareji.
Na yi dariya, baƙin mai har gwiwar hannu:
na tsufa a gareji, ban san muna da kiɗa ba.

Na zura katin a rediyon wata mota marar taya.
Gangar na ɗingishi,
ta taka biyu, ta tsallake ɗaya,
kamar injin da filoginsa ya mutu.
Can sai gurnani ya taso daga ƙasa,
notuna suka hau rawa cikin tasa,
muryar mace an yayyanka kamar albasa.

Bakari ya ajiye sifana:
Maigida, a gyara?
Bar shi, yaro.
Binuwai ma da rani haka take tafiya,
ta nutse cikin yashi, ta ɓullo gaba.