Baƙi Daga Sha Shida

A Tromso rana ta yi balaguro tun Nuwamba,
ko sallahu ba ta bari ba.
Ƙarfe biyu na azahar, fitilun titi a kunne,
ni ina ɗakin sama, gahawa ta huce a kofi,
ina tace watan Yuli:
minti goma sha ɗaya na kawu Torleif
yana ɗinkin taru a bakin gaɓa,
wata huɗu kafin mu raka shi makwanci.

A cikin manhaja ba abin kushewa.
Hularsa ja wur,
ruwan ƙarƙashin jirgi baƙi ƙirin.
Na danna a fitar.
Minti arba'in kwamfuta tana nishi,
abin da ta haifa
kamar an jiƙa shi a ruwan toka:
baƙin ya koɗe, jan ya yi sanyi,
kawu ya koma mutumin da ake hange
ta gilashin da numfashi ya rufe.

Na rage haske, na sake.
Sai dare ya rufto wa Yuli,
tarun ya ɓace, hannuwa suna ɗinka iska.
Na tura wa ƙanwata, a wayarta ya fi duhu.
Na kai talabijin ɗin falo, can ya yi fari fat.
Allo uku, kawu uku,
ba ko ɗaya da na sani.

Jorunn ta ɗaga waya da loma a baki.
Shekara ashirin tana wannan aiki a tashar gari.
Ta ce, an ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima,
ban da idon da ya kwana wata biyu a duhu.
Buɗe ma'auni, bar kallon hoto.
Baƙinka daga ina ya fara?

Ban taɓa sanin baƙi yana da mafari ba.

Ashe wani daga sifili yake ƙirga,
ya kai ɗari biyu da hamsin da biyar.
Wani daga sha shida yake tashi,
ya tsaya tun kafin ƙarshe.
Babu maƙaryaci a cikinsu,
ba a dai gabatar da su ga juna ba.
Ɗan akwati guda, bai kai farce ba,
na sa masa alama.
Kafin ta kashe ta ce, duba allonka kuma.
Na duba. Na ƙure masa haske tun da rana ta tafi,
ina ɗumi da shi ban sani ba.

Fitarwa ta biyar, ruwa ya koma ruwa,
hula ta dawo da jininta.

Saura fuska.
Inuwar hula ta cinye ta daga goshi zuwa hanci.
Na ja ta sama a hankali,
sai yashi ya fito, kore da shunayya, yana rawa.
Na ƙara ja, teku ya ƙone a bayansa.
Babu ido a wurin.
Kyamara ba ta ɗauka ba,
kuma ni ne na riƙe ta ran nan,
na tsaya ina fuskantar rana, ina sauri
kada motar ƙarfe shida ta bar ni.

Garin gyaran gira ake rasa ido,
ni idon ne ma babu.
Na mayar da komai inda yake.

Ran Asabar a zauren coci, majigi yana huci,
kujeru talatin, takalma suna ɗigar ƙanƙara.
Da aka zo wurin na sunkuyar da kai.
Gwaggo Aslaug ta taɓa gwiwata,
ba ta ɗauke ido daga bango ba,
ta ce, haka yake.
Shekara hamsin da ɗaya,
in yana kan taru ban taɓa ganin idonsa ba.