Gwangwanin Cima

Ranar Talata ya zo, mutumin da jakar fata,
ya tsaya ƙofar zaure, bai nemi ruwa ba.
Da ma babu. Famfon Karkada kwana huɗu yana tarin iska.
Ya miƙo takarda mai hatimi biyu:
wa'adin jingina ya cika, shekara goma sha biyar,
saura jika ɗari tara ba su shiga ba.
In ba su shiga ba, gida ya hau gwanjo.

Na ce masa to.
Me ake ce wa takarda?

Ni da na ƙarar da ƙuruciya ina karanta agogon famfo gida-gida,
ni da na sha toshe wa mutane ruwa ina kau da kai,
yau an zo karanta nawa.

Da dare na zaga gidan kamar baƙo.
Ga dutsen da ya gagari magina,
muka bar shi jikin katanga, ya zama kujerar Cima.
Ga lemun da na raina da ragowar ruwan alwala.
Ga tsayin Mutari jikin ƙyaure, zanen ƙusa, shekara bisa shekara,
shi da ke Agadas yanzu, wayarsa ba ta shiga.
Banki bai san waɗannan ba.
Banki ya san tsawo da faɗi.

Surukina ya ce sayar kafin su sayar.
Dillali ya iso tun ban kira shi ba,
yana auna tsakar gida da ido
kamar mahauci gaban rago.

Cima ce ta ce, ciwon takarda, takarda ke maganinsa.
Ta jawo gwangwanin madara daga ƙarƙashin gado,
wanda na daɗe ina yi mata dariyarsa.
Ba ta iya boko ba,
amma duk abin da ta ga da hatimi, sai ta naɗe shi da zare.

Ofishin Metir Fanna yana bayan Kasuwar Dole,
bisa shagon mai gyaran fanka, shi kuma ba fanka.
Yarinya ce, ba ta kai 'yata ta biyu ba.
Na ji kunyar zubar da hawaye gabanta, sai na zubar da gwangwanin.
Ba ta ce Allah sarki ba.
Ta ce, Baba, kada ka sa hannu a kome,
kada ka kwashe ko tabarma.
Ta jera rasit wata-wata kamar mai shanya kilishi,
har la'asar ta wuce mu.
Ɗaya ɓera ya ci gefensa, ya bar hatimin, Allah ya yi masa albarka.

Wata goma sha ɗaya,
shekarar da albashi ya yi ta ɓatan kai,
na biya da hannuna, kuɗin akuyoyin Cima,
littafinsu bai gani ba.

Gaban alƙali na zauna da hula a gwiwa.
Faransanci ya yi ta wucewa bisa kaina kamar jirage.
Na tsinci sunana sau uku, na tsinci sunan unguwa.
Da muka fito ta fassara mini a inuwar bedi:
ɗari tara ta koma ɗari uku da arba'in,
an ba ni shekara guda.

Ba kyauta ba ce. Bashi hanji ne, nawa bai fita ba.
Babur ya tafi.
Zaure na ba tela haya, kekensa na hana ni barcin rana.
Ita ma Metir da nata, kashi uku, na biya ɗaya.

Jiya, ƙarfe uku na dare, famfo ya yi gyaran murya.
Muka tashi da bokiti da tulu da jarka,
ni da tsohuwar nan, muna karo cikin duhu.
Da kome ya cika, na kai wa lemun kwano guda.
Cima ta ce, na wannan watan fa?
Na laluba aljihu.
Ta kawo zare.