Hantar da Ba Ta Sayarwa Ba Ce

Shekara goma sha ɗaya ina fifita gawayi
a bakin tashar Sinnar,
inda motocin Madani ke sauke gajiyarsu.
Wuƙata ta san yanka nama falle-falle,
hannuna ya san ƙuli-ƙuli, ya san yaji da lemon tsami.
Larabawan garin ma da bakinmu suke kiran abin:
agashe.
Ina jin daɗin haka, ba na ɓoyewa.

Hanta ce ke fara ƙarewa.
Direbobi har rantsuwa suke yi a kanta,
ni kuwa ko ɗanɗano ban yarda ba,
don mai ɗanɗana jari ba ya ganin riba.

Bayan isha'i nake komawa Mai Wurno,
faranti wankakke, aljihu da nauyi.
Yara sun kwanta da kisra a ciki,
kisra da busasshiyar kuɓewa,
da shayi mai sukari cokali uku.
Jiya haka, gobe haka.
Ciki ya cika, me kuma ake nema?

Sai Ilyasu, autana, ɗan shekara biyar,
wanda da rana yake gane kwalekwalen kawunsa
tun yana ɗigo a tsakiyar Nilu,
ya soma karo da turmi in magariba ta yi.
Ya yi ƙwallo da buta.
Ya ƙwala wa uwarsa kira, tana tsaye a gabansa.
Kakarsa ta ce dundumi ne.
Maƙwabciya ta ce iskar bakin kogi ce, a yi turare.
Ni na ce shiririta ce, na daka masa tsawa.
Tsawar nan har yau ta fi garwashi ƙona ni.

A asibiti, likita, Sitti Rihab,
ta ja fatar idonsa ƙasa da ɗan yatsa,
ta daɗe tana dubawa.
Me yake ci? Na fara lissafi,
lissafin ya ƙare ban cika yatsu uku ba.

Ta ce jiki gida ne da ba a gama gininsa ba.
Dawa itacen murhu ce, da ita ake gudu, ake wasa,
amma itace ba ya tayar da bango.
Wake da kifi da gyaɗa su ne tubali.
Jini na neman ƙarfensa a nama da ganye,
ƙashi na jiran nono.
Ido kuma yana da fitilarsa ta dare,
man fitilar kaɗan ne, bai kai bakin cokali ba,
yana cikin kabewa da mangwaro, da zogale, da ƙwai,
amma gidansa na ainihi hanta.

Ta matsa masa jan ƙwaya a baki,
ta juyo: Malam, mece ce sana'arka?

Na dubi farcena.
Akwai sauran yaji a ƙarƙashinsu.

Yanzu ran Litinin da ran Juma'a
tsinken farko ba ya hawa faranti.
Ina naɗe shi a takarda, in tura ƙasan jaka.
Direba ya ce, ai ga hanta can na gani.
In ce, mai ita ya riga ya biya.
Zinatu ta dasa zogale a bayan randa,
inda ruwan alwala ke malala a banza da can.

Daren Laraba aka ɗauke wuta,
na shigo zaure ina laluben ƙofa.
Sai ga ƙafafu a guje,
sun kauce wa turmi,
sun tsallake buta.
Ya rungume gwiwata, ya ɗaga kai,
ya sa yatsa a gefen rigata:
Baba, garwashi ya huda maka nan.

Ni ban ma ga hujin ba
sai da gari ya waye.