Hayaƙi Bai San Katanga Ba

Saura sati uku Layya
na ƙulle kuɗin fansho a aljihu,
na ce wa Barira: bana ba na kai cinya wurin mai tukuba,
a bayan ɗakin nan zan gasa,
tsakanin itacen lemo da randa.
Ta ce, "To. Allah ya sa ba toka za mu ci ba."

A shagon Mijinyawa, kan hanyar Ɗan Isa,
an jera su kamar motocin tasha.
Ga wani daga Kwatano, baƙi wuluk, mai taya,
da agogo a goshi, wai shi ke faɗin zafin wuta.
Ni da na shekara talatin ina raba wasiƙu cikin rana,
agogo ne zai koya mini zafi?
Ga na gas kuma: ka murɗa, wuta ta miƙe shuɗiya,
ba tartsatsi, ba ƙamshi,
kamar gaisuwar da ba a tambayi iyali ba.
Jika ɗari da hamsin, in ji shi.
Na ƙwanƙwasa murfin, ya amsa da muryar gwangwanin madara.
Na ce ina zuwa.
Kowa ya san "ina zuwa" ta kasuwa.

Nomau mai walda yana Bagalam,
baƙin gilashi a ido, ƙuna a yatsu.
Bai ko tashi ba. "Gashi kake so, ko banda?"
Na ce ba duk nama da wuta ba ne?
Ya ajiye ƙarfe, ya dube ni da tausayi.
"Gashi gaggawa ce, Malam:
wuta a ƙasa, nama a bisa, kai a tsaye kana juyi.
Banda haƙuri ce ta ke so:
wuta tana gefe, hayaƙi ne ɗan aike,
yana kai saƙo tun hantsi har la'asar sakaliya."

Da ƙafa ya nuna mini wata ganga
wadda ta tsufa tana ɗaukar man gyaɗa.
Zai tsaga ta biyu, ya sa mata mariƙin katako,
ɗan ɗakin wuta a haƙarƙari,
bututu a ka.
"Kada ka kuskura ka sa dogon yaro, ɗaci za ka ci.
Nemi ƙirya. In babu, busasshen mangwaro."
Muka tsaya a jika ashirin da biyar
da alkawarin karfata ɗaya ranar Salla.

Ba a fafe gora ranar tafiya.
Na sayo haƙarƙarin jar akuya don gwaji,
na shafe shi da ƙuli, citta, kimba da gishiri,
na hura, na rufe, na zauna.

Hayaƙi ya tashi, ya yi shawara,
ya haye katangar Ɗan Ladi.
Damina biyu ke nan ba mu gaisa ba,
saboda indararonsa da ke cin gindin ginina.
Na ji ya yi tari.
Na ji ya sake tari, irin na mai son a ji.
Can sai ga ƙwanƙwasa.

Yana tsaye da kwanon gawayi a hannu.
"Wutarka ta yi yawa," ya ce.
"Rage bakin bututun nan, kana ƙona abin kirki."
Ya wuce ni kamar gidansa,
ya tsuguna, ya janye garwashi biyu,
ya kara kunne a jikin ganga
kamar mai sauraren cikin mara lafiya.

Ba mu yi zancen indararo ba.
Kitse yana ɗiga, yana cewa cuu.
Barira ta leƙo, ta koma,
ta fito da tabarma ta biyu.